Wai Darakta Ma Yana Gajiya? Amsar Wasiƙunku Kan Michael Bay Da Transformers

Wasiƙu uku na ware a wannan makon, domin duk bakinsu ɗaya: darakta da fim ɗin da ya ƙi ƙarewa. Ta farko ce ta fi zafi, da ita zan fara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne, tun ina firamare nake kallon Transformers. Kwanan nan na ci karo da wata hira da aka yi da daraktansa Michael Bay, wai yana cewa fina-finan sun yi yawa, da ya sani ya tsaya a na uku. Wallahi abin ya ba ni haushi. Mutum ya kwashi kuɗin 'yan kallo har sau biyar, sannan ya dawo yana kukan gajiya? In ya gaji wa ya ɗaure shi? Ni gani nake munafunci ne kawai, don na biyar bai yi kasuwa ba. Ko ni ne ban fahimta ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Haushinka yana kan hanya, amma kalmar munafunci ta yi nauyi. Munafuki shi ne mai ɓoye abin da ke ransa. Shi kuwa Bay tun 2009 yake kukan gajiya da babbar murya, sai dai duk lokacin da ya gama kukan, sai ya share hawaye ya koma bayan kyamara.

Hirar da ka gani ta 2022 ce, lokacin yana tallar fim ɗinsa Ambulance. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne Steven Spielberg, fitaccen darakta kuma babban furodusan jerin, ya ba shi shawarar ya tsaya a na uku, ya amsa da to, sai kamfanin Paramount ya yi ta roƙonsa ya yi na huɗu, shi ma ya kawo dala biliyan ɗaya, ya sake cewa ya gama, aka sake roƙonsa. Ya ce da tsayawar ya yi da ya fi. Amma a numfashi ɗaya ya ƙara da cewa ya ji daɗin aikin. Wannan guntun na ƙarshe ne masu yaɗa hirar suka fi yankewa.

Ka fara da sanin cewa Transformers ba ɗan cikinsa ba ne. Kayan wasan yara ne da kamfanin Hasbro na Amurka ya fara sayarwa a 1984, bayan ya samo samfurin daga kamfanin Takara na Japan: mota ce a hannun yaro, ya lanƙwasa nan ya murɗa can, ta zama mutum-mutumi. Da Spielberg ya kira Bay a 2005 ya yi masa tayin aikin, shi da bakinsa ya sha faɗa cewa kallon shirme ya fara yi wa abin, fim ɗin tallar kayan wasa. Abin da ya ja ra'ayinsa shi ne yadda Spielberg ya ɗora labarin a kan yaro da motarsa ta farko. In ka koma ka kalli na 2007 za ka ga a nan ran fim ɗin yake. Ka tuna wurin da jarumin fim ɗin, Shia LaBeouf, ya je kasuwar tsofaffin motoci da babansa, ga wata tsohuwar Camaro ruwan ƙwai duk ta yi tsatsa, mai kasuwar ma bai san daga ina ta fito ba, da aka ƙi sayenta ta saki wata ƙara da ta farfasa gilasan duk motocin da ke wurin, ita kaɗai ta tsira? Babu harbi a wurin, ba a rusa gini ko ɗaya ba, amma shi ne abin da har yau nake tunawa daga fim ɗin. Labarin yaro da mota kuwa sau ɗaya ake ba da shi. Ya sayi motar, ya san sirrinta, shi ke nan. Duk abin da zai biyo baya ƙari ne.

Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 700 a duniya, don haka batun tsayawa bai taso ba. Aka sa ranar fitowar na biyu a watan Yunin 2009 tun babu labari a ƙasa. Ana cikin haka marubutan Hollywood suka tsunduma yajin aiki a Nuwamban 2007, ba su janye ba sai Fabrairun 2008, kwana 100 cur. Marubutan fim ɗin suka miƙa masa 'yan shafuka na ƙashin bayan labarin kafin su ajiye alƙalami, shi ya zauna ya faɗaɗa su don ma'aikata su sami abin da za su fara ginawa a kai. Wato an tsara inda za a yi faɗa da abin da za a fasa, har da dalar Giza a Masar, kafin a san dalilin faɗan. Na biyun, Revenge of the Fallen, ya kwashi dala miliyan 836, ya kuma kwashi lambar Razzie, wadda ake bai wa fim mafi muni a shekara. Daga baya Bay ya amsa cewa fim ɗin bai yi kyau ba, da kalmar da ba zan iya rubutawa a mujalla ba.

A 2009 ɗin ce Paramount ya sanar da cewa na uku zai fito a 2011, Bay ya fito fili ya ce shi 2012 ya amince da ita, ƙwaƙwalwarsa na bukatar hutu daga faɗan ƙartan ƙarfe. Ka lura, a lokacin fina-finai biyu kacal ya yi, kuma kasuwa na ci kamar wutar daji. To ka ga kukan ya girmi faɗuwar na biyar da shekara takwas. A 2011 ɗin kuwa fim ɗin ya fito, kamar yadda kamfani ya so.

Tambayarka ta gaskiya ita ce wa ya ɗaure shi. Babu wanda ya ɗaure shi, kuma a nan nake tare da kai. Kuɗi na nan a sahun gaba, kada wani ya yaudare ka. Mujallar Forbes ta ruwaito a 2009 cewa ban da rabonsa a ribar fim, yana da kashi 8 cikin 100 a kayan wasan da aka ƙera a kan fina-finan. Na uku ya haura dala biliyan 1.1, na huɗu shi ma haka, har ya zama fim ɗin da ya fi kowanne tara kuɗi a duniya a 2014. In ka haɗa biyar ɗin sun zarce dala biliyan 4.3. Mutumin da ake zuba wa irin wannan a aljihu, in ya ce roƙonsa aka yi, to roƙon bai sha wuya ba.

Sai dai akwai ciniki a ciki wanda 'yan kallo ba su cika sani ba. Shekara da shekaru Bay na son yin wani ɗan ƙaramin fim a kan wasu 'yan ɗaga ƙarfe na birnin Miami da suka koma satar mutane, labari ne da ya faru da gaske. Babu kamfanin da ke ɗokin ba shi kuɗin irin wannan. Paramount ya ce to, ga kuɗin Pain & Gain, kai kuma ka ba mu Transformers na huɗu. Ya yi ƙaraminsa a 2013 da kusan dala miliyan 26, kuɗin da bai kai ko kashi ɗaya cikin bakwai na kasafin babban ba, sannan ya ɗauko jarumi Mark Wahlberg daga can ya sa shi a na huɗu. Haka tsarin yake a Hollywood: ka yi mana ɗaya, mu bar ka ka yi wa kanka ɗaya.

Abin da ni na fi yarda shi ya riƙe shi kuwa kishi ne. Shi ya ba da labarin cewa bayan na uku ya ɗauka ya gama, sai ya je filin shaƙatawa na Universal Studios da ke Hollywood, inda aka buɗe wajen wasa na Transformers a 2012, ya ga dogon layin mutane suna jiran shiga. Sai ransa ya ba shi cewa yanzu wani ne zai zo ya gaje wannan abin. Ya gaji da renon yaron, amma ba zai iya ganinsa a bayan wani ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma turken nan ba ya tambayar nawa ne a asusunka.

Don haka hukuncina, ɗana, gajiyar gaskiya ce, kuma laifin nasa ne. Bai cancanci tausayi ba, amma bai yi maka ƙarya ba. Abu ɗaya da za ka ƙara a lissafinka: 'yan kallon Amurka sun riga shi gajiya. A gida na biyu ya tara dala miliyan 402, na uku 352, na huɗu 245, na biyar 130. Kasuwar Sin ce ta rufe ramin na ɗan lokaci, don na huɗu ya fi samun kuɗi a can fiye da Amurka, shi ya sa ka ga an kwashi faɗan ƙarshe an kai Hong Kong. Da Sin ɗin ma ta fara ja da baya a 2017, jimillar ta faɗo zuwa dala miliyan 605.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matar aure ce, ni da maigidana muna yawan kallo da dare, kuma kullum sai mun yi gardama. Shi yana cewa yana iya gane daraktan da ya gaji tun daga cikin fim, ni kuma ina cewa cika baki ne, ai darakta ba ya fitowa a allo. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

AMSA: 'Yar'uwa, ki yi haƙuri, wannan karon maigida ya ci. Ana ganewa, sai dai ba inda mutane ke dubawa ba. Yawanci an ɗauka daraktan da ya gaji zai rage aiki. A irin waɗannan fina-finan akasin haka ake gani: ƙari yake yi. Ƙarin wuta, ƙarin jarumai, ƙarin mintuna. Na huɗun Transformers minti 165 ne, ya fi na farko tsawo da kusan minti 20, alhali abin da ke cikinsa bai kai rabin na farkon ba.

Sau biyu na kalli The Last Knight, na biyar ɗin. A na farko barci ya sace ni ana tsakiyar harbe-harbe, abin da bai taɓa faruwa da ni ba a fim ɗin Bay, mutumin da ƙararsa kaɗai ta isa ta tashi maƙwabta. Na sake zama da rana tsaka da takarda a hannu don in gano me ya faru. Abin da na fara lura da shi, baƙin layin nan da ke sama da ƙasan hoto ba ya zama wuri ɗaya. Mutum biyu suna magana a ɗaki, in an nuno wannan layin ya yi faɗi, in an juya kan wancan ya tsuke, a sake dawowa ya kusa ɓacewa. Dalili shi ne an yi ɗaukar da kyamarori iri-iri, har da na IMAX, kowacce da girman hotonta, aka kuma haɗa su haka nan wajen tacewa. In kika gan shi sau ɗaya, ba za ki daina ganinsa ba har fim ya ƙare. Ki sa maigida ya duba.

Sai labarin. A 2015 Paramount ya tara tarin marubuta a ɗaki ɗaya ƙarƙashin Akiva Goldsman, aka ce su fito da labarai da yawa da za a yi ta yi shekaru masu zuwa. Abin da ya iso allo ya yi kama da an kwashe duk takardun da ke kan teburin an zuba a buhu ɗaya. Ga Sarki Arthur na tatsuniyar Ingila da bokansa mashayi, ga yaƙin duniya na biyu da sojojin Hitler, ga jirgin ruwa mai nitso, ga wata duniya tana shirin haɗiye tamu. Don ɗaukar wancan ɓangaren na Hitler har aka rataya tutocin Nazi a fadar Blenheim, gidan da aka haifi Winston Churchill, abin da ya tayar da ƙura a jaridun Birtaniya a 2016, kuma wurin bai fi 'yan mintuna ba a fim. Optimus Prime kuwa, jagoran mutum-mutumin kirki, wanda don shi yara suka sayi tikiti, ya ɓace a mafi yawan fim ɗin.

Wurin da ya fi tona asiri a ganina shi ne inda ɗan wasa Anthony Hopkins ke zayyana tarihin da aka gina dukan fim ɗin a kai. Yana magana kiɗa mai sosa rai yana tashi a hankali, sai kyamara ta juya, ashe baransa ne na ƙarfe ke kaɗa molon coci a kusurwar ɗaki, Hopkins ya daka masa tsawa ya daina. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma darakta ne ke gaya miki cewa shi kansa bai ɗauki bayanin da muhimmanci ba, kuma ba ya tsammanin ke ma za ki ɗauka.

Ki kwatanta da na uku. Labarinsa ba wani abin kirki ba ne, amma a faɗan birnin Chicago an ɗauko ƙwararrun masu dirowa daga sama da riga mai fiffike, suka yi tsalle da gaske daga kan dogon benen Willis Tower suka ratsa tsakanin gine-gine, da kyamara a kan hular wani daga cikinsu. Mutumin da ya sha wahalar neman izinin wannan daga hukumomin birni, akwai sauran abin da yake ɗokin gani da idonsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo ne bayan ya bar jerin. Ambulance ya yi shi a Los Angeles lokacin annobar korona, da kusan dala miliyan 40, cikin kwanakin da ba su kai 40 ba. Ya ɗauko matasa masu tseren ƙananan jirage marasa matuƙa ya ɗora musu kyamara. Jirgin zai haura jikin bene har ƙololuwa, ya kifo da kai ya gangaro kamar shaho, a wani wurin ma ya bi ta ƙarƙashin motar da ta yi tsalle tana sama. Wani lokacin babu ma dalilin yin hakan a labarin, zumuɗi ne kawai na wanda ya sami sabon abin wasa. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, ɗan sama da dala miliyan 50 ya tara, amma ban rintsa ba har ya ƙare. Hannun nan bai mutu ba, Transformers ɗin ne ya fita daga ransa.

TAMBAYA: Salam Malam. Shin Bay ne kaɗai? Na ji an ce daraktan Fast X guduwa ya yi ana cikin ɗauka. Kuma da gaske ne Bay zai dawo Transformers?

AMSA: Ba shi kaɗai ba ne ɗan'uwa. Wanda kake nufi Justin Lin ne, kuma kusan shi ya raya Fast & Furious daga mutuwa. Ya karɓe shi a 2006 da Tokyo Drift lokacin ana ganin ya ƙare, ya yi na 2009 da na 2011 da na 2013, ya tafi, ya dawo ya yi na tara a 2021. Biyar ke nan, daidai da Bay. An fara ɗaukar na goma a Afrilun 2022, mako bai cika ba ya sanar da ajiye aikin darakta. Sanarwar da aka fitar cike take da godiya da fatan alheri, amma jaridar The Hollywood Reporter ta ruwaito cewa saɓani ne da Vin Diesel, wanda shi ne jarumi kuma furodusa, a kan yawan sauya labari. Kamfanin Universal ya ɗauko Bafaranshe Louis Leterrier cikin 'yan kwanaki, don a fim mai kasafin da ya haura dala miliyan 300, kowace rana da ma'aikata suka zauna ba darakta asara ce mai yawa. Lin dai shi ne wanda ya fara suna a 2002 da Better Luck Tomorrow, fim ɗin da ya haɗa da bashin katin banki da kusan dala 250,000, har mawaƙi MC Hammer ya tallafa masa. Bayan barin Fast X ƙaramin fim ya koma, Last Days, wanda aka nuna a bikin Sundance a 2025.

Akwai waɗanda suka bi shawarar tsayawa a uku tun ba a ba su ba. Christopher Nolan ya yi Batman a 2005 da 2008 da 2012 ya rufe ƙofa. Gore Verbinski ya yi Pirates of the Caribbean uku, ya bar na huɗu ga Rob Marshall, ya je ya yi katun ɗin Rango a 2011, ya ci Oscar da shi. Kada ka ɗauka tafiyar kan lokaci laya ce, domin fim ɗin da Verbinski ya yi bayan wannan, The Lone Ranger na 2013, ya jawo wa Disney asara mai nauyi.

Shi kuwa Transformers bayan Bay, abin da ya faru yana da ban mamaki. Travis Knight ya yi Bumblebee a 2018, ya mayar da labarin 1987, yarinya da tsohuwar Volkswagen ɗinta, wato ya koma wurin nan na yaro da mota da Spielberg ya fara da shi. Masu sharhi sun yaba masa fiye da duk na Bay, amma dala miliyan 468 ya tara. Rise of the Beasts na 2023 ya tsaya kusa da 440. Katun ɗin Transformers One na 2024, wanda shi ma ya sha yabo, bai kai 130 ba. Har na biyar ɗin nan da kowa ke zagi ya fi su duka kawo kuɗi. Kuma duk tsawon wannan lokacin sunan Bay na nan a jerin furodusoshi, bai taɓa fita daga gidan ba, ɗaki kawai ya sauya.

Batun dawowa, a tsakiyar 2025 rahotanni sun fito daga Hollywood cewa yana tattaunawa da Paramount a kan sake jan ragamar wani sabo. Ni ban yi mamaki ba. An haife shi a 1965, da sauran ƙarfinsa, kuma kamfanin na kallon alƙaluman da na lissafa maka. In har ya tabbata zan kalla, kamar yadda na kalli biyar ɗin, amma da rana zan zauna, kuma baƙin layin nan na sama da ƙasa zan fara dubawa.